Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Na Ga Sarautar Kakana a Allon Aji

Assalamu alaikum. A makon jiya mun rabu ina zango na biyu a jami'a a jihar Texas, ina fama da karatun lissafin kuɗi da Baba ya zaɓar mini tun ina gida. To akwai ƙa'idar makaranta cewa sai ɗalibi ya ɗauki wani harshen waje kafin ya kammala. Na zaɓi Sifaniyanci saboda unguwar da nake zaune. Matar da ta ba ni hayar ɗaki 'yar asalin Meziko ce, mai shagon da nake sayen shinkafa da wake ma da Sifaniyanci yake ciniki, haka masu gyaran mota na bakin layi. Kullum sai dai in ji sauti, magana kuwa ta wuce ni.

Malamarmu dattijuwa ce da ta tashi a bakin iyaka, kusa da kogin Rio Grande. Wata ranar Talata tana koya mana sunayen masu riƙe da gari, sai ta rubuta alcalde a allo, ta ce shi ne magajin gari. Ta ƙara da cewa kalmar Larabci ce, daga al-ƙadi. Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba. Na ce mata a harshenmu alƙali muke cewa, kuma kakana na wajen uba alƙali ne, da wannan sunan aka san gidanmu har yau. Ta miƙo mini alli ta ce in zo in rubuta. Na rubuta al-ƙadi da Larabci a tsakiya, alƙali a dama, kalmarta tana hagu. Ta tsaya tana kallon allon, sannan ta ce wa ɗalibai su kwafa duka ukun.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Kalma ɗaya ce ta fito daga bakin Larabawa, wani reshenta ya biyo ayari da malamai ta Sahara ya sauka a zauren kakana, ɗaya reshen ya bi ta Andalus, wato Sifaniya ta zamanin mulkin Musulmi, ya haye teku a jirgin Sifaniyawa, ya zo yana jirana a wannan aji. Na shiga ɗakin karatu washegari na fara bin sawu. A shekarar 711 Ɗariƙ bin Ziyad ya haye mashigin da har yanzu yake ɗauke da sunansa, Jabal Ɗariƙ, wato Jibraltar. Mulkin Musulmi bai ƙare a wannan ƙasa ba sai da Garnaɗa ta faɗi a watan Janairun 1492, kuma a watan Agustan shekarar ne Kolombus ya tashi da jiragensa uku. Kusan shekara ɗari takwas ana zaman tare, dole harshe ya ɗauki kaya. Sukari a wurinsu azúcar, mai aceite daga az-zait. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ojalá. Uwar ɗakina Kirista ce 'yar Katolika, hoton Maryam ta Guadalupe yana rataye a falonta, amma duk sanda ta yi zancen ɗanta da ya daɗe bai zo gida ba sai ta ɗaga ido ta ce ojalá. Asalinta lau sha Allah. Da na faɗa mata ta riƙe baki, ta ce haka kakarta take cewa, ita ma kakar a bakin tata kakar ta ji.

Kafin zango ya ƙare malamar ta kai mu San Antonio. Can na ga magudanan ban ruwa da aka haƙa tun zamanin Sifaniyawa, wanda ke kusa da tsohon cocin Espada har yanzu ruwa na bi ta cikinsa. Acequia suke kiransa, daga as-saƙiya. Ta gaya mana a 1731 iyalai daga tsibiran Kanari suka kafa majalisar garin suka naɗa alcalde na farko. Ƙasar Texas ta zama ta Meziko bayan Sifaniya, kuma sai da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 Meziko ta saki Texas kacokan, ta kuma rasa Kalifoniya da sauran yankunan arewa, kusan rabin ƙasarta. Wani ɗan ajinmu ya ce danginsa ba su taɓa ƙetare iyaka ba, iyakar ce ta ƙetare su. Na fahimce shi nan take, domin ina da 'yan uwa a Maraɗi da Turawa suka raba mu da su da layin da suka ja a takarda.

Da aka buɗe rajistar zango na gaba na je sashen nazarin Latin Amurka na ɗauki darasi kan bauta. A nan na koyi cewa in aka ce Hispanik ana nufin masu Sifaniyanci, har da Sifaniya kanta, amma in aka ce Latino an haɗa da Birazil mai magana da Fotugisanci. Ta wannan ƙofar Birazil ta shigo rayuwata, kuma abin da na tarar a can ya fi na alcalde nauyi.

Sama da mutum miliyan 4 aka kwasa daga Afirka zuwa Birazil, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar da ta soke bauta, a 1888. Wannan na iya jurewa a matsayin lissafi. Abin da ya tsayar mini da numfashi shi ne ganin kalmar Haussá a shafin littafi. Bayan an fara jihadi a 1804, kamammun yaƙi daga ɓangarorin biyu an riƙa sayar da su kudu, hannu zuwa hannu, har bakin teku, daga nan sai Bahiya, wani yanki na Birazil. A 1807 hukumar Salbado, babban birnin Bahiya, ta gano shirin tawaye na bayi Hausawa. A 1814 suka tashi a Itapuwa, wurin masunta. Sai babban tashin da aka yi a daren 24 wayewar 25 ga Janairun 1835, a ƙarshen watan azumi, wanda Musulmi Yarabawa suka fi yawa a ciki, da Hausawa tare da su. An murƙushe su kafin rana ta yi sama. A jikin waɗanda aka kashe da ɗakunan waɗanda aka kama 'yan sanda suka samo layu da takardu.

Malamin ya haska hoton ɗaya daga cikin takardun a bango ya ce rubutun Larabci ne. Ni kuwa na ga hannun makarantar allo. Bisimilla ce a sama, ɗigon fa yana ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya, irin yadda malaminmu ya koya mana da tawada da alƙalamin kara. Na karanta layin farko a bayyane, murya na rawa. Wanda ya rubuta wannan ya taɓa zama gaban malami kamar ni, yana da uwa da ta jira shi. Na yi shekara goma sha biyu ina karatun boko a gida, an koya mini tutoci da yaƙe-yaƙe da sunayen sarakuna, babu wanda ya taɓa ce mini ga inda waɗanda aka kama suka ƙare. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi.

Sati biyu ina juya maganar kafin na kira gida. Na gaida Baba, na tambayi jikin Inna, sannan na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ina neman izini in canja karatu." Ya yi shiru ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Yanzu kai, mun sayar da gona mun tura ka ka koyo abin da za ka riƙe ƙannenka, sai ka ce tarihin wasu mutane za ka karanta? Wane ofis ne zai ɗauke ka da shi?" Tambayarsa gaskiya ce, kuma a lokacin ba ni da amsarta. Na ce, "Baba, ba na wasu ba ne kaɗai. Bari in turo wa Yaya wani hoto ya nuna maka."

Na tura hoton takardar. Kwana uku ban ji komai ba. Ranar Juma'a da daddare Yaya ya kira ni ya ce Baba ya sa an buga hoton a takarda, ya tafi da shi masallaci a aljihu, bayan an sauko ya zauna da liman suna dubawa har la'asar. Ya ce in kira Baba gobe bayan sallar asuba, akwai sharaɗi biyu da zai gindaya mini.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo muku waɗannan sharuɗɗa, da yadda na fara koyon Fotugisanci a bakin wani ɗan Bahiya da muke aikin dare tare.