Asabar a Slimbridge, cikin yayyafi

Tun asuba ake ruwa, irin yayyafin Ingila da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ni da na tashi a Nguru, har yau hunturu da ruwan sama ba su zauna mini wuri ɗaya a rai ba. Wajenmu hunturu hazo ne da ƙura da kaushin ƙafa.

Mu tara muka tafi, galibi dattawa 'yan fansho daga unguwarmu. Slimbridge fadama ce a gaɓar kogin Severn, wadda wani masanin tsuntsaye, Peter Scott, ya mayar mafakar tsuntsayen ruwa a 1946. Muka taka taɓo har zuwa wata rumfar katako mai siraran tagogi, muka jeru a benci, kowa da madubin hangen nesa. Ba mai ɗaga murya. Sai ƙarar ruwa a kan rufi, da ƙamshin shayin da wani ya zubo daga fulas.

Can sai ga wasu tsuntsaye, farare tas, masu dogon wuya, sun fi dinya girma. Su ake kira Bewick, daga arewacin Rasha suke tasowa, tafiyar kilomita sama da 3,000. Dattijuwar da ke kusa da ni ta miƙo mini nata madubin, ta ce in duba baki. Rawaya ne da baƙi, kuma zanen kowane tsuntsu daban yake, kamar tsagar fuska. Tun 1964 ake zana bakunansu a nan ana ba su suna, har a san wace ce ta dawo da mijinta, wace ce ta dawo ita kaɗai. Ina kallo ɗigon ruwa yana gangarowa daga bakin ɗaya, ita ko a jikinta. Na daɗe a kanta, yatsuna sun ƙage ban sani ba.

Da wani dattijo ya ji daga inda na fito, sai ya gyara zama. Ya ce akwai wata ƙaramar agwagwa mai farar gira da suke gani lokacin zafi, yanzu babu ita a nan, tana can Yammacin Afirka, har da fadamar Haɗejiya da Nguru. Ya tambaye ni ko na taɓa ganinta.

Wallahi sai da ƙirjina ya yi nauyi. Na san kirinjijiya da zalɓe, na sha ganin garken agwagi suna tashi a kan ruwa in ana girbin shinkafa, amma ban taɓa tunanin wasunsu hamada suka tsallako ba. Na ba shi labarin kachala, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa ta hana masunta sakat. Ya ciro ɗan littafinsa da ya jiƙe a gefe, ya ce in rubuta masa sunan da Hausa.

Ƙarfe huɗu duhu ya fara. Na kira yayana daga cikin mota, na ce in ya je bakin ruwa ya ɗauko mini hoton duk agwagwar da ya gani.