Tun ba a hau mota ba a san sunan wa zai fito

Aikin haɗin gwiwa da na shiga kan gawo ne, a gonakin Matamai da Magarya, mu ƴan Damagaram da abokan aiki daga wata jami'a a Turai. Kowa ya san gawo da damina yake zubar da ganye shi ya sa hatsi ke yi a gindinsa, to mu aikinmu auna wa, mu ɗebi ƙasa, mu auna amfanin da aka samu kusa da itacen da kuma can nesa da shi.

Kafin mu fita daji wani dattijo cikin malamanmu ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, ka tambaye su sunan wa zai zo farko a artikil, takardar binciken da za a wallafa a mujalla, kuma bayanan nan a hannun wa za su zauna." Wallahi da nauyi na ji maganar, mu an raine mu da kunyar baƙo, amma na tambaya a taron farko kuma ba wanda ya ɓata rai, muka rubuta shafi ɗaya kowa ya sa hannu, artikil na farko nasu na biyu namu, ɗaliban da suka sha rana su ma a ba su damar yin rubutu sunansu ya shiga.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙarin girmanmu daga CAMES yake zuwa, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka da dama masu Faransanci, can Wagadugu, in ka kai dosiye abin da ka wallafa za a duba da inda sunanka ya faɗo a jeri, ba wanda zai tambaye ka buhu nawa na ƙasa ka ɗauko. Na ga mutane masu ƙoƙari sun ƙare a layin godiya na ƙasan takarda kuma abin na ci mini rai har yau.

Sai dai suna ba a kyauta yake ba. Dole na zauna na koyi R, manhajar nazarin alƙaluma a kwamfuta, da dare, ga ɗauke wuta ga intanet da ke jan ƙafa, don ranar da aka zo fassara alƙaluma ni ma in sa baki. Ingilishi ma haka, mu da Faransanci muka yi lakwal amma yawancin mujallun da ake ji da su da Ingilishi suke.

Abin da na dage a kai na ƙarshe shi ne a ware kuɗin komawa ƙauyukan tun a kasafi. Mun koma bayan girbi, a ƙofar mai gari muka yi bayanin sakamakon da Hausa, manoman ma suka gyara mana wani abu kan lokacin da suke sassabe rassan, muka sa shi a rahoton.