Kafin ka ɗauki hoto ta cikin gilashi, waiwayi bayanka

Ƙannena masu ɗaukar hoto a Legas, musamman waɗanda 'yan kasuwar Agege da Idi-Araba ke kira su ɗaukar musu kayan da ke jere cikin akwatin gilashi, ina so ku san cewa ƙyallin da ke ɓata muku aiki daga bayanku yake fitowa. Kowace fuskar gilashi tana maido da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata kai tsaye, kuma fuska biyu gare shi. Idan wurin da kake tsaye ya fi abin da kake ɗauka haske, wannan ɗan kason ya isa ya lulluɓe hoton.

Na daɗe ban gane haka ba. Nakan je aiki cikin farar shadda, in kunna filas, wato fitilar kyamara, sannan in kwana gaban kwamfuta ina ƙoƙarin goge abin da ba ya goguwa. A hoton agogunan wani ɗan kasuwa, aikin wuyan rigata ya fito ɓaro-ɓaro a kan kayan, har ba a iya karanta lambobin agogo, kuma dole na mayar masa da kuɗinsa. Saboda haka ka sa tufafi masu duhu, ka kashe filas da fitilun da ke bayanka, ka tura ƙofar shago idan rana na shigowa, ka bar hasken cikin akwatin kaɗai. Sannan ka matsa har bakin kyamarar ya kusan taɓa gilashin, ka zagaye shi da baƙin ƙyalle ko tafin hannunka. Wannan dabarar ce take fitar da fitilun unguwar Marina sarai idan kana ɗauka da dare daga tagar bene, kuma da wayar hannu ma tana aiki.

Goge gilashin tukuna, domin ƙurar hunturu da gishirin iskar teku suna watsa haske, su sa hoto ya yi hazo.

Akwai matatar haske da ake ɗaurawa a bakin kyamara don rage ƙyalli, wadda masu sayarwa ke kira CPL. Na saye ta da tsada, na tsaya daidai saitin taga ina juya ta, ban ga canji ba, na yanke hukuncin cewa jabu ce. Ashe ba ta aiki sai an karkata: ka tsaya ta gefe, yadda kusurwar da ke tsakanin kyamara da fuskar gilashin za ta kai kamar digiri 35, ka riƙa juya zoben a hankali har ƙyallin ya dushe. Amma tana cinye rabin hasken da ke shiga ko fiye, don haka ba ta dace da shago mai duhu ba sai da abin kafa kyamara. A tagar jirgin sama kuwa cire ta, domin tagar ta roba ce, kuma matatar za ta zana maka launukan bakan gizo a kan hoton.