Jiragen Baba da ranar rabon gado

Sai da aka yi addu'ar arba'in sannan Hajiya ta miƙo min makullin ɗakin da ke bayan zaure. Tun muna yara ba mai shiga ɗakin nan sai Baba na ciki, ko an bar ka ka shiga ma hannunka a baya. Da na tura ƙofa na tarar ƙurar hunturu ta lulluɓe komai: faifan katako mai faɗin gado, ɗan layin dogo na jiragen wasa ya zagaye shi sau biyu, ga 'yar tashar kwali da ya rubuta wa GOMBE da hannunsa.

Baba, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne. Yana saurayi jirgin ƙasa ya fara shigowa Gombe a 1963, lokacin da ake shimfiɗa layin da ya taso daga Kuru kusa da Jos, ya ratsa Bauchi, ya dangana da Maiduguri a 1964. Kan jirginsa na farko a hannun wani Bature mai komawa gida ya saye shi, daga nan duk wanda ya ji zai tafi Ingila sai ya ba shi sautu. Ko da aka daina jin kukan jirgin gaske a gari, na ɗakin Baba bai fasa tashi bayan la'asar ba.

Na ƙirga: kan jirgi 7, taragu 31, yawanci ƙirar kamfanin Hornby, irin wanda ake kira OO, wato an ƙanƙanta na gaske sau 76. Faɗin layin milimita 16.5 ne kacal, ɗan yatsana ya cike shi.

Malamin da ya zo rabon gado ya ce duk abin da mamaci ya bari, ko allura ce, sai an yi masa ƙima. Gida da gona ba su ba da wahala ba. Da aka zo kan jirage Yaya ya kira ɗan gwangwan. Mutumin ya ɗaga kan jirgi ɗaya ya jinjina, ya manna masa maganaɗisu, ya taɓe baki ya ce rabi duk roba ce, zai ba da naira 8,000 a kwashe duka. Na ji kamar ya watsa min ruwan zafi. Autanmu kuma ya shiga kasuwar intanet ta eBay ya fara karanto farashi da fam, idonsa har ƙyalli yake. Sai dai masu sayen suna can, kuma abin da suke fara tambaya shi ne kwalin asali. Namu gara ta cinye rabinsu.

Yaya ya ce to a raba kawai, namiji biyu mace ɗaya. Na ce, "Yaya, wanda ya samu tarago babu kai, me ya samu? Taransifomar da ke ba layin wuta ma guda ɗaya ce."

Ya ce, "To ke ya kike so a yi?"

Hajiya tana takaba, daga bayan labule ta ce ai Baba ya sha faɗin jiragen nawa ne, don ni nake goge masa layi. Malam ya girgiza kai: babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Ban so in sa kowa ya yarda don kunya ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, a yi musu kuɗi a cire daga rabona na gona." Aka tsaya tsakanin maganar ɗan gwangwan da mafarkin auta, kowa ya sa hannu. Yaya dai cewa ya yi na sayi wahala da kuɗina.

Da gaskiyarsa, don kafin faifan ya fita sai da kafinta ya cire ƙyaure. Makon jiya na zauna na bi layin da tsumma da sifirit, yadda Baba ya koya min. Ya hana a taɓa shi da sanfefa don tana karce ƙarfe, datti ya ƙara kamawa. Na ɗiga man keken ɗinki a ƙafafun baƙin kan jirgin nan na Bature, ɗigo ɗaya ɗaya da tsinken ashana. Da aka kawo wuta na murɗa. Ya yi gurnani, ya tsaya, na ɗan tura shi da yatsa, sai ya ɗauki hanya yana fitar da warin nan na ɗakin Baba.

Ɗana ya miƙo hannu zai cafke shi. Ban san lokacin da na ce masa hannunka a baya ba.