Kuskuren da ya sa na ɓalle murfin agogona na PineTime

Na sayi PineTime ne saboda kamfanin Pine64 ya ƙera shi don masu son ɗora manhajarsu, burina kuma shi ne fuskar agogo mai nuna kwanan watan Hijira da lokutan salla. Na zaɓi wanda aka liƙe bayansa da gam domin ruwa ba ya shigarsa, alhali na san cewa a irin wannan babu ƙofar shigar da manhaja sai Bluetooth kaɗai.

Gyara InfiniTime, manhajar da ke gudana a agogon, da tura ta ta Gadgetbridge, manhajar waya mai haɗuwa da agogon, bai ba ni wahala ba. Matsin yana cikin nRF52832, ɗan guntun lantarkin da ke tafiyar da agogon, wanda ƙwaƙwalwar aikinsa kilobayit 64 ce kacal, kuma allo da Bluetooth da lissafin da na ƙara duk a cikinta suke rabo. Da fuskar ta bayyana da kwanan wata daidai, murna ta kwashe ni, nan take na danna zaɓin tabbatar da sabuwar manhajar. An tanadi wannan mataki ne domin idan ba a tabbatar ba, MCUboot, wato manhajar da ke tada agogon, ta mayar da tsohuwar da zarar agogon ya sake tashi, ni kuwa na danna shi ban duba Bluetooth ba. Washegari wayata ta nemi agogon ta rasa.

Daga nan na yanke cewa babu mafita sai buɗewa. Na kai wa wani mai gyaran waya, ya hura masa iska mai zafi, ya zura siririn ƙarfe, murfin ya ɓalle da guntun gam a gefensa. Na shafe dare biyu ina dafe siraran wayoyi a kan ɗigogin SWD, inda ake shigar da manhaja kai tsaye a cikin agogon, da hannu ɗaya, ina ba manhajar kwamfuta OpenOCD umarni ta ST-Link, na'urar da ke haɗa kwamfuta da agogon, da ɗayan, wayar na zamewa ina sake farawa, har agogon ya farfaɗo.

Bayan mako guda na karanta bayanin manhajar da ke tada agogon a tsanake, kuma abin da na gani yana ci mini rai har yau. Idan aka riƙe maɓallin gefe yayin tashi har tambarin ya koma shuɗi, agogon yana komawa kan manhajar baya, idan kuma aka ci gaba har ya yi ja, sai ya ɗora manhajar ceto mai karɓar sabuwa ta Bluetooth. Daƙiƙu kaɗan da yatsa ɗaya sun wadatar.

Yanzu ba na tabbatar da komai sai na ga waya ta haɗu da agogon sau biyu, kuma duk mai niyyar gwaje-gwaje ina ba shi shawarar ya sayi buɗaɗɗen, wanda ba a liƙe bayansa ba, tun farko, ya koyi launukan nan biyu kafin ya rubuta layi ɗaya. Nawa na mayar da murfinsa da gam, amma ban ƙara yarda da shi kusa da ruwa ba, kullum sai na cire shi na sa a aljihu kafin alwala.