Na tsallake katangar makaranta saura wata uku WAEC

Daren Juma'a ƙanwata ta kira ni muryarta na rawa, wai Yaya ka zo Agege ka ji abin da ɗanka yake faɗa. Na rufe shago na hau danfo daga Mile 12, na tarar da shi zaune kan akwatin ƙarfensa na makaranta yana latsa waya, ko ɗago kai bai yi sosai ba ya ce sannu da zuwa Kawu. Hutu ya ƙare tun sati guda, yaro yana SS3 a makarantar kwana, ya ce shi fa ba zai koma ba. Wai wani koci da ya gan shi a fili ya ce ƙafarsa ta hagu ta Turai ce, a kawo dubu ɗari huɗu na fasfo da biza a kai shi gwaji. Na tsaya ina kallon but ɗinsa da ya wanke ya jingina a bango, sai na ji kamar ni ne a zaune a wurin a 1997.

Ni ma makarantar kwana ta maza na yi, a can gida Arewa. Wanda bai yi bodin ba ba zai gane ba. Ƙararrawar asuba, sanyin hunturu yana tsaga leɓe, ka ɗau bokiti ka bi layin famfo ka ɗebo wa siniya ruwa kafin ka ɗebo naka, sannan sallah, shara, asambuli. A dainin gabza da miyar kuka mai ruwa tsululu wadda kana iya hango ƙasan kwano, ranar wake kuwa sai ka tsince ƙwari kafin ka kai baki. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da suga su suka raya mu. In ka yi laifi a miƙa maka langalanga a nuna maka ciyawa, ko tsallen kwaɗo daga hostal har bakin get. Amma da an yi la'asar aka busa usur, duk wannan wahalar sai ta bi iska, kowa ya nufi fili, ƙasa ja, raga babu ko zare sai sanduna biyu da aka gicciya wa gora. Nan ne kaɗai ɗan aji biyu zai iya yanke siniya ya wuce kuma ba a taɓa shi.

Lamba goma nake bugawa, kuma ba yabon kai ba, na iya. Tun ina SS1 na shiga tim ɗin makaranta, a SS3 ni ne kyaftin kuma firifet na wasanni. Abin da ya juya min kai shi ne gasar Olamfik ta Atlanta 1996. Muna hutu lokacin, muka cika falon maƙwabcinmu cikin dare muka ga Najeriya ta dawo daga 3-1 ta ci Brazil 4-3, Kanu ya zura biyun ƙarshe, sannan aka doke Ajantina 3-2 aka ɗau zinare. A tim ɗin akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Amokachi, duk yaran Kaduna, masu jin Hausa irina. Babangida a shekarar ya koma kulob ɗin Ajax na Holland. Na koma makaranta ba na ganin allo, firef ɗin dare ina zaune da littafi a buɗe amma lissafin da nake yi daban ne.

Sai ga wani mutum ya zo kallon wasanmu na makarantu, da jaka da katin waya a wuya, ya ja ni gefe ya ce Legas ake yin komai, in zo zai haɗa ni da kulob, daga nan sai jirgi. Kuɗin da ya nema kusan daidai da abin da Baba ya ba ni na cikon rajistar jarrabawa da guzuri, wanda sai da ya sayar da buhunan gyaɗarsa kafin ya haɗa. Wannan ita ce maganar da ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba. Na riƙe kuɗin ban kai ofis ba, saura wata uku WAEC na tsallake katanga ta bayan kicin bayan an kashe fitila, na bi tirelar shanu, kwana biyu ina zaune kan katako a saman ƙahonni har muka sauka Abbatuwa ta Oko-Oba.

To amma a yi min adalci. Shekarata 18, cikina bai taɓa ƙoshi a makarantar nan ba, malamin lissafinmu sai ya yi wata bai shigo aji ba, waɗanda suka gama gabanmu da sakamako mai kyau ina ganinsu a tasha suna kwandasta. Wa ya zaunar da ni ya yi min bayani? A'a, ƙarya nake, akwai wanda ya yi. Gems masta ɗinmu, wani dattijo siriri mai usur a wuya kullum, ya ga mutumin yana min magana, washegari ya tsayar da ni a bakin fili ya ce kyaftin ba ya barin tim ana tsakiyar gasa, ka gama jarrabawa ni da kaina zan rubuta maka takarda. Na ce to Malam, alhali na riga na ɗaure kayana. Sati biyu bayan tafiyata aka buga wasan kusa da na ƙarshe babu ni, aka cire mu. Yaron da ke wanke min jesi, ɗan aji ɗaya da na sha zabga wa mari a kan bai goge min but ba, an ce shi aka tsare ana tambaya ina na tafi, ya sha bulala bai faɗa ba. Har yau ban nemi gafararsa ba, ban ma san inda yake ba.

Mutumin nan sau biyu na gan shi a Legas. Ya kai ni wajen babban filin wasa na Surulere, na tarar da yara sun fi ɗari kowa da but a leda, kowa an ce masa shi ne. Aka ba ni minti ashirin. Ya karɓi kuɗin ya ce in jira kira, shi ke nan. Kunya ta hana ni komawa gida, na kwana a masallaci a Agege wata da watanni, ina dako da safe ina buga ƙwallon unguwa da yamma, har ranar da wani ya shigo min ta baya gwiwata ta dama ta yi ƙara. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma jijiya ce ta tsinke, ba ƙashi ba. Yau shekara kusan talatin in hadari ya haɗo gwiwar ce take fara sanar da ni. Alhamdulillahi ina da shagon albasa da tumatir, ina ci da iyalina, ban raina ba, amma duk takardar banki ko ta haya da Turanci mai nauyi sai na nemi wanda zai duba min, kuma Baba ya rasu ban mayar masa da kuɗin gyaɗarsa ba.

Da na gama ba shi labari sai yaron nan ya ce ai Kawu zamani ya canza, ga Osimhen nan ɗan Olusosun da ya yi tallan ruwa a go-sulo. Raina ya ɓaci wallahi. Osimhen ta tim ɗin ƙasa na 'yan ƙasa da 17 ya fito, ya ci ƙwallo 10 a Chile a 2015 duniya tana kallo, ba wani mai jaka ne ya karɓi kuɗin uwarsa a lungu ba. Kuma ku yaran yanzu kuna ganin mutum ɗaya a waya ku manta da dubun da ke gadi da turin baro a Apapa da but ɗinsu a ƙarƙashin gado. Ko gudun safe ba kwa iya yi sai an ɗauke ku bidiyo, rabin hankalinku na kan cacar ƙwallo, a ce ku share hostal ku ce an tauye muku haƙƙi.

Na zo da niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma abin bai wuce wannan ba. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya kai ka gwaji ɓarawo ne, kulob na gaskiya shi ke biya. Ka zauna ka rubuta WAEC ɗinka da NECO ko da gabza za ta kashe ka, wata nawa ne? Ƙwallo kuma kar ka bari, a makarantar ma ake yin ta. Stephen Keshi da Henry Nwosu daga makarantar St. Finbarr's ta Akoka suka fito, ta gasar Principal's Cup ta makarantun Legas, Keshi ya ɗau kofin Afirka yana kyaftin a 1994 ya sake ɗauka yana koci a 2013. Ko a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta zama Barewa, su Sardauna wasan fives, na buga ƙwallo da hannu a jikin bango, suke yi bayan aji, kuma bai hana su karatu ba. In ka zama siniya kar ka ɗaga hannu ka mari ƙaramin yaro, zai bi ka har tsufa. Ko da yake ni ban yarda a ce a daina horo gaba ɗaya ba, tashin asuba da leba da bin layi su suka sa na iya jure Legas, in da ɗan gata ne ni da tuni na lalace. Kuma in har da gaske ƙafarka ta kai, kulob mai rajista ya zo da takarda gaban iyayenka da firinsifal, to ban ce ka ƙi ba, ni ma da haka aka zo min da na tafi ban waiwaya ba.

Na ce wa ƙanwata kar ta ba da ko kwabo, in kocin ya matsa ta ba shi lambata. Shi kuma yaron na ce ya ɗaure akwatinsa, na sayo masa garin kwaki mudu uku da suga da sabon but, ranar Lahadi ni zan kai shi har bakin get in damƙa shi hannun gems masta ɗinsu. Bai ce e ba bai ce a'a ba, ya dai ajiye wayar ya tambaye ni wace gwiwar ce, na naɗe wando na nuna masa.