Tafiyata Göppingen, garin da jirgin ƙasa ke shiga aljihu

Ko kaya ban gama kwancewa ba tun dawowata daga Jamus, amma gara in rubuta wannan tun da zafinsa. Aiki ne ya kai ni Stuttgart, kuma ba zan cika ku da labarin taro da otal ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Göppingen, wani gari madaidaici a bakin kogin Fils, kusan kilomita 40 gabas da Stuttgart, a kan layin dogon da ya nufi Ulm. Nan ne mazaunin Märklin, kamfanin da wani maƙerin gwangwani, Theodor Märklin, ya kafa a 1859. Da 'yan kayan girki na 'yar tsana ya fara, kafin magadansa su koma ƙera jiragen ƙasa na wasa. Wani abokina da ke karatu a can shi ya ja ni, shi ne kuma tafintana.

A gidan tarihinsu, Märklineum, jama'a duk sun yi dafifi wajen jiragen ma'aunin H0, waɗanda aka rage girmansu sau 87. Ni kuwa wani akwatin gilashi ne a gefe ya riƙe ni. Ma'aunin Z ke nan, wanda kamfanin ya fito da shi a baje kolin kayan wasa na Nuremberg a 1972, an rage komai sau 220. Tsakanin ƙarfen dogo da ɗan'uwansa milimita 6.5 ne kacal. Taragon fasinja mai tsawon mita 26 da 'yan kai ya dawo santimita 12, mutum kuma milimita 8. Ga wani ɗan kan jirgi baƙi da bai kai tsawon ɗan yatsana ba, yana jan taragai, sandunan ƙafafunsa suna kai da komo kamar na gaske. A 1978 wani irinsa ya yi awa 1,219 yana tafiya bai tsaya ba, ya ci kilomita 720.

Da muka shiga shagon da ke wurin sai jikina ya yi sanyi. Na zaci ƙanƙantar abu za ta rage masa kuɗi, ashe ita ke ƙara masa. Kan jirgi ɗaya sabo ya haura Yuro 200, ba tarago, ba layi, ba na'urar wuta. Ina ta juya kwali ina ajiyewa, sai wani dattijo mai furfura da ya daɗe yana kallona ya yi wa abokina magana. Wai in sabon shiga ne ni, kada in sayi kan jirgi shi kaɗai. Ko dai in ɗauki kwalin masu farawa, mai kai ɗaya da 'yan taragai da layi zagaye da na'urar wuta, ko kuma mu biyo shi.

Muka bi shi zuwa wani ɗan shagon kayan hannu. Can cikin wani kwali ya zaƙulo irin baƙin kan jirgin nan, samfurin BR 89, an liƙa masa takarda cewa ba ya tashi. Yuro 35 aka rubuta. Na buɗe baki zan taya, abokina ya taka mini ƙafa ya ce, “Malam, nan abin da aka rubuta shi ake biya.” Ban ji ba, na taya 25. Matar shagon ta dube ni ta saman tabarau, ta yi shiru har na fara jin kunya, sannan ta ce 30, ta ɗora mini tsofaffin taragai biyu gyara. Ashe dai ko a Jamus, kayan hannu na karɓar ciniki, in an yi da ladabi.

Dattijon bai bar mu nan ba, sai da ya kai mu gidansa. Uwargidansa ta kawo kofi da kek, ta yi ta ƙara mana kamar mun shekara da sanin juna. Teburin da aka ɗora kofunan kuwa samansa gilashi ne, a ƙarƙashinsa ga gari guda: tasha, gada, coci, shanu a makiyaya, jirgi yana ɓacewa cikin dutse yana ɓullowa ta bayan gidaje. Ya sa madubin ido irin na masu gyaran agogo, ya ɗauki hantsaki, ya buɗe kan jirgina. Ya ce babu abin da ya lalace, tsohon man da ke ciki ne ya daskare saboda daɗewa a ajiye, kuma ciwon da ya fi kama tsofaffin jiragen Z ke nan. Ya wanke haƙoran injin, ya ɗiga sabon mai da bakin allura, ɗigon da da ƙyar ido ke gani. Ya ɗora shi a layi, sai ga shi ya ɗan yi gargada, ya miƙe. Na yi kabbara da ƙarfi har matar ta leƙo daga kicin.

Daga nan ya shiga karantar da ni, abokina yana fassara har muryarsa ta dushe. Allon katako shimfiɗaɗɗe, mai santimita 60 a tsawo da 45 a faɗi, ya ishi mai farawa. Märklin na da kwana iri uku, mai milimita 145 da 195 da 220 daga tsakiyar da'ira, ya ce in ɗauki ta tsakiya, domin dogayen taragai ba sa jin daɗin matsattsiyar kwana. Kada in sa gam ko ƙusa sai jirgin ya yi ta zagayawa lafiya, gaba da baya, ina shafa kowace mahaɗa da yatsa ko akwai inda ƙarfe ya hau kan wani. Hawa da gangara in bar su tukuna, don kan jirgin ba shi da nauyi, ƙafafunsa sulɓewa suke yi. In ma dole ne, kada hawan ya wuce santimita 2 a kowace mita. Wurin canjin layi kuma ɗaya ya isa, don a nan ƙananan kawuna suka fi maƙalewa. Wuta bolt 10 ce iyaka. Ya ɗaga yatsa ya maimaita: wanda ya jona na'urar wutar H0 ya ƙone injinsa.

Babban abokin gaba, in ji shi, ƙura ce. Ta ƙafafunsa jirgin ke shan wuta daga layi, kuma wurin da suke taɓawa bai kai kan allura ba, don haka silin gashi ɗaya sai ya tsayar da shi cak. A goge layi da tsumma mai laushi da sifirit, ban da samfefa, a kuma yi wa allon murfi. Yana faɗa ina hango hazon hunturu na gida, wanda ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Murfin nan kam shi zan fara ba kafinta kafin komai.

Na tambaye shi ko akwai wanda ya fi Z ƙanƙanta. Ya yamutsa fuska ya ce akwai, na Japan, ma'aunin T, an rage sau 450, faɗin layinsa milimita 3, har sai da aka sa wa ƙafafun maganaɗisu don su kama layi. Ya ce idonsa ya wuce wannan. Na nemi in biya shi ladan gyara, ya nuna ransa ya ɓaci, har ya ƙara mini da tsohuwar na'urar wuta da layin da ya ishi zagaye ɗaya. A titi mutanen nan ba su cika gaisuwa ba, sai ka ɗauka girman kai ne, amma wannan dattijo ya ba ni yammacinsa gaba ɗaya.

Washegari Lahadi na fita neman gam da 'yan bishiyoyi, na tarar shaguna duk a rufe, haka dokarsu take. Na wuce Hamburg na leƙa Miniatur Wunderland, gidan baje kolin ƙananan jiragen ƙasa da garuruwa na wasa, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Katafare ne, dare na yi gari na wayewa duk minti 15, har jiragen sama na tashi, sai dai cunkoso ya hana ni tsayawa in ƙare wa komai kallo.

A filin jirgin da muka yada zango, wani jami'in bincike ya ga wayoyi da na'urar wuta a jakata, ya zazzage komai a tire yana yi mini tsawa. Ya ɗauki kan jirgin da yatsu biyu, ya girgiza shi a kunne, ya jefa shi tire ba ko sannu. Na duba, ƙugiyar da ke riƙe tarago ta ɗan lanƙwashe, amma dattijon ya riga ya nuna mini yadda ake canza ta. Allon katakon yana wajen kafinta, ya ce in zo jibi.